Karan Gwaggo Uku

Ko zan manta komai na zaman gidanmu, Lahadin nan ta bakin gulbi ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Shekara bakwai ke nan, na yi aure har ina goyo, amma har yau in na ga karan dawa a tsaye cikin yashi sai gabana ya faɗi. Abin da na yi ranar nan da hannuna na yi shi, ba wanda ya sa ni, kuma saura kaɗan ya ci ran yayata da abin da ke cikinta.

Bari in fara da garkar. Babanmu atamfa yake sayarwa, kuma yana da aminai uku da suka taso tare a Ƙofar Taramniya. Su huɗun suka haɗa kai suka mallaki wata garka a bakin Gulbin Rima, mai mangwaro da gwaiba, suka kafa rumfar zana, suka sayi tantuna. Ba ta mutum ɗaya ba ce, ta gida huɗu ce. Da zafi ya shigo, gari ya koma kamar tanda, wutar lantarki kuma ba ta zama, sai a cika motoci ranar Asabar da safe da tabarmi da gidan sauro da tukwane da jarkokin ruwan sha da kulolin hura da nono, yara kowa na ihun an taka shi. A kwana can, a dawo Lahadi bayan la'asar. Mu 'yan unguwar Gawon Nama kullum mu ne na ƙarshen tashi, kuma kullum saboda Gwaggo.

Gwaggo yayar babanmu ce. Ta yi zaman aurenta duka a wani ƙauyen masunta da manoman shinkafa can sama da gulbi, da mijinta ya rasu Baba ya ɗauko ta ta dawo wurinmu. Ba mu san ta da ɗa ko ɗaya ba. Gwiwoyinta na ciwo, tafiyarta a hankali, maganarta a hankali. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba. Ina ajin ƙarshe na sakandare lokacin, gani nake ba abin da ban sani ba, abin da ke cikina kuma shi ke bakina. Yayata har laƙabi ta sa mini, Uwar Gaggawa. To kowa ya shiga mota, direba ya tayar, sai a ga Gwaggo ta koma bayan ɗaki tana laluben karan dawa guda uku, kowane da ƙyallen jan atamfa ɗaure a kai. Ba ta shiga mota sai da su.

A gaban garkar gulbin ya rabu biyu, ya bar tsibirin yashi a tsakiya. Babban ruwa yana ta can baya, reshen da ke tsakaninmu da tsibirin kuwa da rani bai wuce ƙauri ba, yaro ma tsallakawa yake da gudu. Wannan tsibirin shi ne daɗin tafiyar a wurinmu mata. Can muke ƙetarawa mu cire hijabi, a yi wanka, a yi kitso, a yi shewa yadda ake so. Maza ba su zuwa, ba su ma kallon wajen, don an kafa doguwar zana a bakin gaɓa ta tsare. Su suna gindin mangwaro da shayinsu da rediyonsu, mu muna kan yashi.

Da mun ƙetara, abin da Gwaggo ke fara yi ke nan: ta gangara bakin ruwa ta wajen mashigi, ta soka kara ɗaya kusa da ruwan, ta ja baya kaɗan ta soka na biyu, ta ƙara ja ta soka na uku. Sannan ta hau saman yashi ta zauna ƙarƙashin zanen da muke kafa mata don inuwa, ta fuskanci karan. Ana hira tana leƙensu, ana cin abinci tana leƙensu. Mu 'yan mata muka sa musu suna, agogon Gwaggo.

Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Gwaggo, wai mi karan ga ka yi miki? Rani na hwa. Ko hadari babu, ke kina tsaron ruwa."

Ta ce, "Ke dai bar su inda nis sa su."

"To ki gaya min amfaninsu mana."

"Ɗiyag ga, bakinki ya hi ki girma. Tahi ki yi wankanki."

Mama ta harare ni ta ce, "Yayar ubanki ta, ki kama kanki." Na kama kaina, amma a zuciyata na riga na yanke cewa tsufa ne da tsoro irin na mutanen ƙauye. Shekara biyu muna zuwa, ban taɓa ganin ruwa ya taɓa ko karan farko ba.

Wannan makon Yaya ta biyo mu. Cikinta wata takwas, na fari, ƙafafunta sun kumbura, zafin gari ya hana ta barci. Mijinta ya yi tafiya Kano sarin kaya, Mama ta ce ta zo ta sha iska. Lahadi da hantsi muka ƙetara tsibiri gaba ɗaya, mata da yaran gida huɗu, da tukwane da murhu, don a can aka ce za a yi dafa-duka. Yaya ta samu wuri mai sanyi ta baje, tana shan mangwaro tana tsokanata.

Wanke-wanken karin safe a kaina ya faɗo. Na kwashi kwanuka na gangara, sai na tarar wurin da ya fi daɗin tsugunno, inda yashi ya kwanta ruwa ya yi garau, nan Gwaggo ta jera karanta. Na aje baho, kara ya tokare shi. Na juya, ƙyallen ya kama mini zane. Na ɗaga kai na ga Gwaggo ta ɗan kishingiɗa tana gyangyaɗi. Ban yi wani tunani ba, na tumɓuke su duka ukun na yar gefe, na yi wanke-wankena a sarari. Da na gama na ɗauko su. Ban koma neman ramukansu ba, ina ruwana. Na hau sama kamar taku biyar, inda ba za su ƙara tsare wa kowa hanya ba, na soka su a jere, har na daidaita tsakaninsu ya fi na Gwaggo kyau. Na ce kara dai kara ne, ko nan ko can.

Abin da ban sani ba shi ne wannan. Gulbin nan ba ya jiran ruwan sama kafin ya cika. Akwai dam, wato madatsar ruwa, can sama, in an saki ruwa don masu noman rani sai ya gangaro shiru, ba iska ba ƙara, rana na tsakiyar sama. Karan farko in ruwa ya taɓa shi, a tattara kaya. Na biyu, a ƙetare. Na uku, a bar komai a tsira da rai. Gwaggo ba ta iya sauka da hawa saboda gwiwa, daga inda take zaune take karanta ruwan da su. Ni na ɗauke mata ma'auninta na kai shi inda zai yi mata ƙarya.

Da azahar ta gabato muka ji motoci sun tashi. Maza sun tafi ƙauyen da ke gaba yin sallah cikin jam'i, su gaisa da mutanen gari kamar yadda suka saba. Wayoyinmu duk suna cikin tanti a garka, dama can ba sabis. Dafa-duka ta kusa nuna, ana ta kitso, yara na gina ɗakunan yashi. Na ga Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi karan sau biyu sau uku, ta ga yashi busasshe a gindinsu, ta koma jan carbinta.

Can sai ta ce, ba tare da tashin hankali ba, "Ruwa ya taɓa na hwari. A hwara haɗa kaya." Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta gangara a hankali. Ina kallonta. Da ta isa ta tsaya cak. Ta dubi karan, ta dubi mashigin, ta ƙara duban karan. Reshen nan da muka tsallako da safe ya yi faɗi ya ninka, ruwan ya koma ja, ga kumfa da busasshiyar ciyawa suna wucewa da gudu. Ta sa ƙafa ɗaya, ruwa ya kai mata gwiwa tun daga baki.

Ban taɓa jin Gwaggo ta ɗaga murya ba sai ranar nan.

"Ku aje komi! Kowa ta ɗauki ɗanta! Maza!"

Wata daga matan aminan Baba ta ce, "Gwaggo, bari mu sauke tukunya mana, ta nuna."

"Bar tukunya! Ki ciro min zanenki na sama. Ke ma. Ke ma kawo mayahinki."

Tsohuwar nan da ke ɗaukar rabin awa kafin ta shiga mota, cikin ƙiftawar ido ta ƙulla zannuwa da mayafai sun zama igiya. Ta zaɓi wadda ta fi mu tsawo da ƙarfi ta ba ta bakin igiyar, ta ce ta hau can sama ta shiga, kada ta yi gardama da ruwa, ta bi shi a karkace, kada ta ɗaga ƙafa, ta riƙa jan ta a ƙasa. Ta ƙetare ta ɗaure igiyar a saiwar mangwaro. Aka fara kwasar yara, wani a wuya wani a goye, suna ta kuka. Na yi sawu biyu. A na farko ruwa ya kai mini cinya. A na biyu ya kai ƙugu, yana ture ni kamar mutum.

 Na san abin da na yi tun lokacin da na ga Gwaggo na duban karan nan, amma bakin nan nawa da ba ya shiru ya mutu.

Da na dawo tsibiri saura mu uku, ni da Gwaggo da Yaya. Yaya na tsaye a bakin ruwa ta riƙe cikinta da hannu biyu. Mama na can ƙetare ana rirriƙe ta, tana kiran sunan Yaya. Tsibirin kansa ya ragu, ruwa ya riga ya kashe wutar murhu.

Yaya ta ce, "Gwaggo, ba ni iyawa. Wallahi ƙahwahuna ba su ɗaukata. Ku tahi, in jira su Baba."

Gwaggo ta ce, "Kahin su zo babu yashin da za ki tsaya kai. Ke, Uwar Gaggawa, yau ga ranarki. Jarkokin can biyu, zubar da ruwan, ki ruhe su ƙwarai."

Na kalle ta. Ruwan shanmu ne.

"Zubar niƙ ƙe!" Haka na ji ta, "nic ce" ɗin ya sarƙe mata don sauri. Na tuntsurar da su, na murɗa murafen har hannuna ya yi zafi. Ta cire zanenta na sama, ta ɗaure jarkokin biyu a haɗe, ta sa Yaya ta rungume su a ƙirji, hammatanta a kai, ba a kan ciki ba. Ta ce, "Hakanga masunta ka hawan gora. Ko ƙahwarki ta bar ƙasa, kar ki saki. Ba ki nutsewa." Ta sa ni ta gefen da ruwan ke gangarawa, hannuna ɗaya a igiya ɗaya a ɗamarar Yaya. Ita kuma ta shiga ta sama, inda ruwan ke bugowa, ta ba shi bayanta don ta rage wa Yaya ƙarfinsa.

Muka yi bisimilla muka shiga. Ruwan nan sanyi gare shi kamar ba rani ba. Taku kaɗan ya kai mini ƙirji. Yashi na zamewa a ƙarƙashin ƙafa, ka taka nan ka ji ya gudu. Gwaggo na ta cewa, "Ja ƙahwa, ja ƙahwa, kar ki dubi ruwa, dubi uwarki." Mun kai tsakiya Yaya ta faɗa rami. Na ji nauyinta duka ya fizge ni, ƙafafunta suka tashi, ta yi ƙara ɗaya. Igiyar ta miƙe har na ji wani ƙulli na kukan yagewa. Amma jarkokin suka ɗaga ta, kanta bai shiga ruwa ba. Na riƙe ɗamarar nan har farcena ya karye ban sani ba. Gwaggo kuwa ta nutse ta taso, ta sa kafaɗa ta tura mu gaba, ruwa na fita ta hancinta, ba ta daina cewa "ja ƙahwa" ba. Can na ji hannaye sun kama mu ta ko'ina, matan sun shigo har ƙugu sun jawo mu.

Aka kwantar da Yaya a tabarma. Mama ta ɗora hannu a cikinta tana jiran motsi. Da Yaya ta ce, "Ya motsa, Mama, ga shi nan shina harbi," sai wuri ya rushe da kuka da hamdala. Na waiwaya na ga tukunyar dafa-duka na tafiya a kan ruwa tana juyawa, da tabarminmu a bayanta. Kafin motocin maza su dawo, tsibirin saura ɗan tudu kamar faifai.

Baba ya sauko a guje, ya ga halin da ake ciki, hankalinsa ya tashi. Tsoro ne ya sa shi, na sani, amma ya juya kan Gwaggo da ke zaune a gindin mangwaro jiƙe sharkaf, gwiwarta ta kumbura. Ya ce wa yayar tasa, "Yaya, ke da munka dogara gare ki? Ke da ba ki da aiki sai kallon ruwa, ya anka yi haka?"

Wata ta ce ƙasa-ƙasa, "Ina amfanin karan to."

Gwaggo ba ta kare kanta ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Laihina na. Na duba, na duba, na ga yashi busasshe. Idona sun mutu ban sani ba. Kar ku ƙara dogara da ni. Ni da gulbi mun gama." Hawaye na bin fuskarta, ba ta ko share ba.

Wallahi da na yi shiru da ba wanda zai taɓa sani. Ruwa ya tafi da karan, ya shafe ramukan. Amma na dubi tsohuwar nan da ta ba gulbi bayanta saboda yayata, tana zaune tana yanke wa kanta hukunci a kan laifina, sai na ji ba zan iya ba. Na tsaya a gaban kowa, maza da mata, ba ko mayafi a kaina, na ce, "Ba idonta ba na. Ni ta. Ni nic cire karan da za ni wanke-wanke, nim maida su sama. Taku biyar."

 Mama ta ɗora hannu a ka. Baba ya yo kaina, na rufe ido ina jiran mari. Sai na ji muryar Gwaggo.

"Bar ta. Ke, zo nan." Na durƙusa gabanta. Ta kama haɓata ta ce, "Taku biyar kic ce?"

Na ce, "I, Gwaggo."

"Ke nan da nid duba nig ga busasshe, busasshen na?"

"Busasshe na, Gwaggo."

Ta saki ajiyar zuciya mai tsawo. Sai ta fara dariya, tana dariya tana hawaye. "Alhamdulillahi. Ashe idona na nan. Ashe ina gani." Ta ɗan buge ni a kai da tafin hannu, bugun da ko ƙuda ba zai kashe ba, ta ce, "Ke kin tambaye ni amfaninsu, nik kore ki. Da na gaya miki da ba ki taɓa ba. Laihinki na nan, nawa na nan." Wannan ya fi mini mari ciwo. Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da ban taɓa yi ba.

A mota muna komowa Mama ta gaya mini abin da ba a taɓa faɗa a gidanmu ba. Gwaggo ta taɓa haihuwa, mace ɗaya. Ta girma har ta isa zuwa wanki, wata rana da rani ta ƙetara wani tsibiri irin wannan, ba ta dawo ba. Tun ranar Gwaggo ba ta ƙara zama bakin ruwa ba sai da kara uku. Shekara biyu ina yi mata dariya a kan abin da ya rage mata na 'yarta.

Bayan sati huɗu Yaya ta sauka lafiya, mace. Mijinta bai yi shawara da kowa ba, ranar suna aka raɗa mata sunan Gwaggo. Har yau gida huɗun nan na zuwa garka, da jikoki yanzu, har an ƙara tantuna. Gwaggo ba ta iya ƙetarawa kuma, a gindin mangwaro take zama da takwararta. Ni ke gangarawa in soka karan, kuma ba na barin wurin sai na tara duk 'yan matan da suka zo, na gaya musu na farko mene ne, na biyu mene ne, na uku mene ne, da abin da ya faru ranar da wata mai gaggawa ta matsar da su.

Haƙurin dai har yanzu ban cika shi ba, mijina shaida ne. Amma ranar nan ta koya mini abu ɗaya da ban sake ba: in na ga babba ya aje abu a wani wuri yana tsaronsa, ko ban gane ba, ba na matsar da shi. In tambaya, in ba a amsa ba in sake tambaya, in bar shi inda yake. Ni kuma in yaro ya tambaye ni dalilin abu, ba na korarsa. Taku biyar kawai na matsar da karan Gwaggo, kuma yarinyar da ke kirana Inna yau saura kaɗan ba a haife ta ba.